Sallau da Takardar Garantin da Ba a Karɓa Ba

An yi wani mutum a wani gari da ke bakin babbar hanya, shekarun baya can, lokacin da wasunku ke rarrafe. Ba zan faɗi sunan garin ba, don 'ya'yansa suna nan da rai, kuma shi kansa bai so a riƙa ambatonsa ba. Sunansa Sallau, bakanike ne. Ku gyara zama ku saurara, don labarin nan ba a bakin tasha na tsince shi ba, da ni aka yi wani ɓangarensa.

Kun dai san ni. Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da sitiyarin babbar mota. Ban taɓa zama a aji ba, har gobe da dangwalen yatsa nake sa hannu, amma babu hanyar da ta tashi daga arewa ta nufi bakin teku da ban san ramukanta ɗaya bayan ɗaya ba. Sau uku mota tana kifewa da ni. Na ukun a kan gada ne, har an lulluɓe ni da zane ana salati, na yi atishawa na ce a ba ni ruwa. Haƙarƙarina huɗu suka karye, ga ni nan yau ina cinye malmala biyu in nemi ƙari. Mutum irina ba ya saurin cewa wani ya fi shi. To Sallau ya fi ni. Na faɗa, na kuma maimaita, bawan Allahn nan ya fi ni.

Ɗan siriri ne, gajere, ba shi da yawan magana. Garejinsa inuwar wata darbejiya ce da akwatin ƙarfe guda ɗaya. Amma Allah ya ba shi kunne. In aka tada inji, sai ya ɗauko dogon sukundirebansa, ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa na hagu, ya rufe ido. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya gaya maka abin da ke ciki, kamar ya shiga ya fito. Saboda haka duk wanda zai sayi mota a garin nan sai ya ɗauki Sallau sun tafi tare. In ya ce saya, a saya. In ya girgiza kai, ko motar tana sheƙi kamar amarya, a bar ta. Kuma bai taɓa karɓar na goro a hannun mai sayarwa ba. Ya ce wanda ya ɗauko shi, shi yake yi wa aiki.

A garin akwai wani tsohon malamin firamare, Malam Ishiyaku, da matarsa Tasalla. Shekara talatin da wani abu suna tare. Sai Allah ya jarrabe ta da ciwon ƙoda. Likita ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, kuma na'urar wankin tana can babban asibitin birni, tafiyar awa biyu da rabi. Ya kuma ja musu kunne cewa kowane maras lafiya da lokacinsa a kan na'urar, in ta makara an ba wani. In kuwa wanki ya wuce ta, ruwa zai taru mata a jiki har ya hana ta numfashi. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake. Hanyar nan ita ce ran matar nan.

Da farko motar haya suke bi. Kun san halinmu a tasha, ba ma tashi sai mota ta cika, in ta cika kuma sai mun ƙara mutum biyu. Mace maras lafiya a matse tsakanin buhu da kaji, ga tsayawa kowane ƙauye. Malam Ishiyaku ya ga abin ba zai yiwu ba. Ya sayar da gonar da ya gada, ya koyi tuƙi da furfurarsa, ya ɗauki Sallau suka nufi wani kamfani a birni da ke sayar da motocin da aka yi amfani da su a ƙasar waje.

Suka ga wata fara, mai faɗin baya, yadda Tasalla za ta iya miƙe ƙafa. Aka yi ciniki. Sai ma'aikacin kamfanin ya fito da wata takarda ya ce, "Baba, motar nan muna ba da garantin wata uku kyauta. Amma akwai na ƙari, in kana so. In ka biya, shekara biyu cur, inji ko giya in suka samu matsala mu za mu gyara. In ta tsaya maka a hanya za mu turo janwe ya ɗauko ta, mu kuma turo wata motar ta ƙarasa da kai inda za ka. Sai dai yau ake yanke shawara, in motar ta fita ƙofar nan ba ma sayar da shi."

Malam Ishiyaku ya dubi takardar, ya dubi abin da ya rage a aljihunsa, wanda ya ware don magani. Ya juya ya ce, "Sallau, kai ne idona a nan. In karɓa ko in bari?"

Sallau ya sa aka tada motar. Ya kara sukundireba a kunne, ya rufe ido, ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Malam, injin nan lafiyarsa lau. Ban ji komai ba. Bar kuɗinka ka sai wa Yaya magani." Haka yake kiran Tasalla, don ta girme shi.

Ma'aikacin nan, kada in zalunce shi, ya sake cewa, "Baba, na ji kuna maganar asibiti. Ka ƙara tunani." Malam Ishiyaku ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, a garinmu in Sallau ya yi magana an gama." Ya ninke takardar bayanin ya sa a aljihu don kada yaron ya ji kunya, suka kama hanya.

Wata uku suka wuce lafiya. Na huɗu ya wuce. A na biyar, ranar wata Alhamis ta tsakiyar bazara, suna tsakiyar daji, inji ya buga. Motar ta yi ƙara sau biyu ta mutu murus. Ba gari a gaba, ba gari a baya, ba inuwar kirki. Lokacin ba kowa ke da waya a aljihu ba. Malam Ishiyaku ya tsaya a titi yana ɗaga hannu, motoci suna wucewa fuu, don wurin an san shi da 'yan tare hanya, ba mai son tsayawa. Awa huɗu, jama'a. Awa huɗu matar nan tana kwance a kujerar baya, rana na dukan rufin mota.

Wa ya tsaya? Ni na tsaya. Na taho da lodin albasa, na hango dattijo ya cire hula yana kaɗawa. Ni ɗan fashi bai taɓa ba ni tsoro ba, na taka birki. Na leƙa na ga ƙafafunta sun kumbura sun yi sumul, numfashi yana fita da ƙyar. Na ɗauke ta da hannuwan nan biyu na sa a gaban mota. Sauran tafiyar da ake yi a awa ɗaya da rabi na yi ta a awa guda, da lodin albasa, ku je ku tambaya. Amma mun makara. An ba wani lokacinta. Aka kwantar da ita aka sa mata abin numfashi, sai washegari aka samu gurbi. Likita ya ce saura ƙiris.

Da Sallau ya ji labari ya zo asibitin. Ya tarar da Malam Ishiyaku zaune a baranda, ya haɗa kai da gwiwa. Malam yana ganinsa ya kama hannunsa ya fashe da kuka. Ya ce, "Sallau, ni ne. Ni ne na kusa kashe ta. Ka ce in riƙa duba baƙin mai kullum da safe, ina jin ranar Litinin ban duba ba. Tsoho da koyon tuƙi! Da wane ido zan kalle ta?"

Sallau ya juya ya fita daga asibitin. Ya je ya jawo motar zuwa gindin darbejiyarsa, ya sauke injin ya buɗe. Abin da ya gani ya sa ya zauna a ƙasa. Baƙin mai yana nan cike. Ƙarafan da ke can ƙasan injin, waɗanda muke ce wa metal, su ne suka cinye, kuma ba cin wata biyar ba ne. Tsohon ciwo ne, da shi motar ta ƙetaro teku. Irin wannan kuwa yana da 'yar ƙara, ƙwas ƙwas, can ƙasa-ƙasa, wadda duk bakanike mai lafiyayyen kunne zai ji.

Akwai wata tasi a gefe da kowa ya san tana da irin wannan ciwon. Sallau ya sa aka tada ta. Ya kara sukundireba a kunnen hagu. Shiru, sai gurnani. Ya mayar kunnen dama, wanda bai saba aiki da shi ba. Ga ƙarar nan, ƙwas ƙwas, tana ta yi.

Ku saurara da kyau a nan. Ashe kusan shekara guda Sallau yana lura in an yi masa magana ta hagu sai an maimaita. Yana ce wa kansa ƙurar gareji ce, za ta fita. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma gwada kansa ba, don yana tsoron amsar.

Maƙwabcinsa a gareji, Barau mai walda, yana tsaye yana kallon komai. Shi da bakinsa ya ba ni wannan ɓangaren. Ya ja Sallau gefe ya ce, "Kai, rufe injin nan. Wa ya gani? Ni da kai ne. Ba ka ce malamin da kansa yana cewa laifinsa ne ba? To ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Shiru kawai za ka yi. Kunnen nan shi ne gonarka, shi ne shagonka. In gari ya ji ya mutu, me za ka ba yara?"

Sallau ya ce, "Barau, mutumin nan yana can yana cewa shi ya kusa kashe matarsa."

"To ai ba ta mutu ba."

"Shi zai riƙa kwana da abin yana tashi da shi. In bar masa kayana ya ɗauka?"

Ya wanke hannu da kananzir, ya canza riga, ya hau mota ya koma asibiti. Lokacin Tasalla ta farfaɗo, tana jingine da matashi, mijinta yana ba ta kunu a cokali. Sallau ya durƙusa a gaban gadon, ya ce, "Malam, ba kai ba ne. Baƙin manka cike yake. Ciwon motar nan tun ranar da muka saye ta yana nan, yana kuma ƙara, ni ne ban ji ba. Kunnena na hagu ya mutu. Na daɗe ina zargi na ƙi dubawa. Da kunnen da ba ya ji na hana ka karɓar takardar nan. Yaya, ni na ajiye ki a rana. Ku yafe mini."

Malam Ishiyaku ya ajiye cokali. Tasalla ce ta fara magana, da 'yar muryarta da ta rage. Ta ce, "Ashe shi ya sa! Rannan a bakin kasuwa sau uku ina gaishe ka, ka wuce ni fuu. Na dawo gida na ce wa Malam, Sallau ya yi kuɗi." Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "Tashi, ƙanena. Ciwo ai ba a sayensa a kasuwa. Ni da ƙoda, kai da kunne. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Wani da ya samu wannan yafiyar sai ya yi godiya ya kama gabansa. Sallau bai tashi ba. Ya ce, "Malam, takardar bayanin nan da yaron ya ba ka, tana nan?" Malam ya ce tana cikin jaka. Sallau ya ce, "Ni ban iya karatu ba. Karanta mini, a hankali, ta wannan kunnen na dama."

Malam ya sa tabarau ya karanta. Gyaran inji da giya, shekara biyu. Sallau ya ce, "Na ɗauka."

Zuwa duk inda mota ta tsaya a ɗauko ta. Ya ce, "Na ɗauka. Ni ma ba sai an kira ni ba, a cikin motar za a same ni."

Turo wata mota ta ƙarasa da mai tafiya. Sallau kuwa ko keke mai kyau ba shi da shi. Sai ya ce, "Wannan ba ni da shi. Amma ku ba ni kwana uku."

Malam Ishiyaku ya ce, "Haba Sallau, wa ya ɗora maka? Shawara na nema ka ba ni, Allah ya ƙaddara abin da ya ƙaddara." Sallau ya ce, "Malam, da bakina na raba ka da takardar nan. Abin da za ta yi maka, ni zan yi."

Ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya sayo kayan inji, ya ɗaure injin da hannunsa. Da ya gama bai yarda da kansa ba, sai da ya kira wani bakanike, wanda a da Sallau ne ya koya masa aiki, ya ce ya saurara masa. Ranar kasuwa kuma ya zo tasha, lokacin da direbobi suka fi cika, ina nan zaune ina shan shayi. Mutumin da ba a jin muryarsa ya hau kan benci ya ce, "Jama'a, kunnena na hagu ya mutu, na daman ma ban amince masa ba. Daga yau kada wanda ya ƙara ɗaukata duba mota. Gyara zan ci gaba da yi, wanda ido da hannu ke yi. Sannan ina roƙon alfarma. Duk Litinin da Alhamis akwai farar mota a hanyar birni. In kun gan ta a tsaye da jan ƙyalle a jikin madubi, akwai maras lafiya a ciki, don Allah ku tsaya ku ƙarasa da ita asibiti."

Wa ya fara amsawa? Kun sani. Na miƙe na ce duk direban da ya ga jan ƙyallen nan ya wuce, kada ya ƙara zama benci ɗaya da ni. Kuma a lokacin in na yi magana a tasha ana ji.

Daga ranar nan, duk Litinin da Alhamis, kafin Malam Ishiyaku ya fito ya tarar da Sallau a ƙofar gida ya buɗe gaban mota, ya duba ruwa, ya duba mai, ya bi tayoyi da hannu. Ya sa akwatinsa a but ɗin bayan mota, ya zauna gaba kusa da direba. A asibiti ya nemi gindin bishiya ya jira awa huɗu. Garejinsa a rufe kwana biyu duk mako. Masu sayen mota suka koma wurin wasu. Shekara uku riga ɗaya yake zuwa idi da ita. 'Yan gareji suka laƙaba masa suna don tsokana, in ya wuce su ce, "Garanti, yau ina aka nufa?" Sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Birni, in Allah ya so."

Tasalla kuwa ta mai da shi ɗan ɗakinta. Kullum da ƙullin dambu ko ɗan wake a kwano, ta ce ita likita ya hana ta gishiri, to a ci a gabanta ta ji daɗi. In Malam ya faɗa rami sai ta ce, "Ƙanena, gaya wa direbanmu ba buhun masara ya ɗauko ba." Malam ya ce, "Ku biyu kun haɗe mini kai, wata rana sai na sauke ku a daji." Haka suke tafe suna dariya a hanyar da a da take ba su tsoro.

Sau ɗaya aka ɗaura jan ƙyallen. Wata Litinin da damina, giya ta ƙi shiga a kan wani hawa, ana yayyafi. Sallau ya duba ya ga ba gyaran minti goma ba ne, ya ɗaura ƙyalle. Wallahi kafin ya gama goge hannu mota uku sun tsaya: tasi, da tirela, da motar burodi. Har gardama ta tashi kan wa zai ɗauke ta. Tasalla ta leƙo ta taga ta ce ita ta burodi take so, ko ba komai ta sha ƙamshi. Ta isa asibiti da sauran rabin awa.

Ranar da shekara biyu ta cika, Malam Ishiyaku ya tare shi a ƙofar gida. Ya ce, "Sallau, na duba kwanan wata. Yau wa'adin takarda ya ƙare. Ko kamfanin ne, yau sun sallame ni. Ka koma garejinka, ka yi abin da ya fi ƙarfin alkawari."

Sallau ya ce, "Malam, likita ya ce Yaya ta warke?"

"A'a."

"To buɗe mini but in sa akwatina, muna makara."

Shekara ɗaya da wata bakwai suka ƙara a haka. Tun daga waccan Alhamis ta bazara, wanki bai ƙara wuce matar nan ba, ko sau ɗaya. Da jikin ya gaji don kansa, likitoci suka ce a kai ta gida. Ta sa aka kira mata Sallau. Ta ce, "Ƙanena, ban taɓa gaya wa ko Malam ba. Ba mutuwa nake tsoro ba, ita dole ce. Tsorona in mutu a gefen titi, zanena a yaye, baƙi suna leƙe ta taga. To ga ni a ɗakina, a kan gadona, 'ya'yana kewaye da ni. Kai ka kawo ni nan. Allah ya kai ka inda kake so lafiya." Bayan kwana uku, ranar Juma'a da hantsi, ta cika.

To ku da ke zaune nan, ni ba malami ba ne, ba zan jawo muku aya ba, na bar wa masu ita. Abin da idona ya gani nake faɗa. Yanzu kowannenku burinsa mota, kuma in kun je saya za a miƙo muku irin takardar nan. Kada ku ce wayo ne kawai na masu kamfani, kada kuma ku sa hannu ido rufe. Ku sa a karanta muku abin da ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba. Sannan ku tambayi kanku, in motar nan ta tsaya a daji, wa ke kujerar baya? In buhun gawayi ne, kuna iya jira. In ran mutum ne, kada ku yi rowa, don ba kowa ke da Sallau a garinsu ba.

Amma babbar maganar ba ta mota ba ce. Kullum ana tambayarku shawara, a kan aure, a kan magani, a kan sana'a, kuna buɗe baki kuna cewa yi ko bari, sannan ku kaɗe riga ku tafi. In abin ya ɓaci ku ce ai ƙaddara ce. Wanda ya tambaye ka ya ɗora rayuwarsa a kan maganarka ne. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ba a taɓa ɗaure kowa a kan haka ba. In ka ji wani abu naka ya fara rauni, ido ne, kunne ne, ilimi ne, ka faɗa kafin wani ya jingina da shi ya faɗi. In kuma ka riga ka yi kuskure, kada ka tsaya kana kallon wani yana kuka da laifinka. Je ka durƙusa ka ce ni ne, sannan ka tambaya me ya rage da za a iya gyarawa, ka gyara, ko zai ci maka shekaru.

Allah ya jiƙan Tasalla, ya jiƙan Malam Ishiyaku, ya jiƙan Sallau. Mu kuma ya ba mu ƙarfin tsayawa a bayan abin da bakinmu ya furta. Ku ce amin.